Daga Marrakesh zuwa rairayin Marzuga a kan Himalayan na haya

Yawancin mutanenmu ta Fas suka san Maroko, wajen ziyarar Shehu Tijjani, sai 'yan kasuwa da ke tsayawa Kasablanka. Amma akwai wata Marokon a bayan duwatsun Atlas, inda hanya ke hawa har kunne ya toshe, sannan ta gangara cikin jar ƙasa da dabino, ta je ta tsaya a gindin tudun rairayi. Can na bi ni kaɗai a ƙarshen watan Oktoba, a kan babur ɗin da na yi haya a Marrakesh. Tun da na dawo masu sha'awar babur ke tambayata wane mashin na hau, kuma ko hayar ta ci kuɗinta. Mashin ɗin kam ya fitar da ni kunya. Shagon hayar ne nake da magana a kansa.

Babur ɗin Royal Enfield Himalayan ne, tsohon samfurin nan mai injin 411cc da kamfanin ya fitar a Indiya a 2016. Silinda ɗaya, giya biyar, ƙarfin doki wajen 24, tanki lita 15, nauyi kusan kilo 200 idan an cika mai. Duk wanda ya saba da manyan babura zai raina waɗannan alkaluma, kuma gaskiya ba don tsere aka ƙera shi ba. A miƙaƙƙiyar kwalta, tsakanin kilomita 80 zuwa 90 a awa ne yake jin daɗin kansa. To amma a wannan hanya wa ke neman gudu? Dokar ƙasar ma 60 ce a cikin gari, 100 a bayan gari, ga jandarmomi da na'urar auna gudu a bakin kusan kowane babban gari. Idan ka ga allon tsayawa, ka tsaya cak har sai an yafito ka da hannu.

A hawan Tishka na fara gane amfaninsa. Wannan ita ce mashigar da hanyar N9 ke ratsa Atlas daga Marrakesh zuwa Warzazat, allon da ke ƙololuwa ya ce mita 2,260. An faɗaɗa hanyar, an sassauta wasu kwanonin, amma har yanzu kwana ce a kan kwana, ga manyan motoci suna rarrafe, ga motocin 'yan yawon buɗe ido masu gaggawa. Injin yana da ja tun daga ƙasa, ba sai ka murɗa totur har ƙarshe ba. Ka sa giya ta uku ka bar shi, yana bugawa a hankali kamar injin niƙa, yana hawa abinsa. Ba kafireta gare shi ba, na'ura ce ke auna masa mai, don haka da iska ta yi ƙaranci a sama bai shaƙe ba, bai yi tari ba. Sanyi ne ya fi damuna a can. Mutum ya baro Marrakesh da gumi, kafin azahar yatsunsa sun sandare a cikin safar hannu.

Jim kaɗan da wuce ƙololuwar na bar babbar hanya na karkata Teluwet, inda tsohuwar fadar gidan Gilawi take, gidan su Thami El Glaoui, Pasha, wato gwamnan Marrakesh, da ya rasu a 1956. Daga nan hanya ta bi kwarin Unila, siririya, kwaltar ta zaizaye a wurare, ruwa ya kwaso tsakuwa ya zube a tsakiyar kwana. Nan tayar gaba mai inci 21 ta nuna aikinta. Rami da kunya da tsakuwa duk haɗiye su take, kan babur ba ya fizge maka hannu. Kujerar ba ta da tsayi, santimita 80 ce, mai matsakaicin tsawo irina yana dire ƙafa biyu a ƙasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da mai tayar masa da mashin idan ya kwanta. Hanyar ta fitar da ni Ait Bin Haddu, garin ginin ƙasa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Ya cancanci tsayawa, sai dai a je da sassafe kafin motocin baƙi su cika wurin.

Daga Warzazat, inda hasumiyar tashar hasken rana ta Noor ke ƙyalli tun daga nesa, sai N10 ta miƙe gabas: Sukura, Kal'at Maguna garin fure, Bumalni, Tingir. Na shiga kwarin Dadis na hau kwanonin nan da kowa ke ɗaukar hotonsu, na kuma shiga mashigar Todra, wadda a wuri mafi ƙunci faɗinta bai wuce mita 10 ba, dutse a dama, dutse a hagu, ruwa na gudu a gefen titi. Mai bai taɓa zame mini matsala ba. Wajen kilomita 30 nake samu a lita, kuma duk garin da ya amsa sunan gari akwai gidan mai. Ni dai da tanki ya kai rabi nake cikawa.

Bayan Tinjidad ƙasa ta buɗe. A gefen hanyar Arfud akwai jerin tsibin ƙasa kamar an shirya su da igiya, bakunan rijiyoyi ne na tsohuwar hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da ke kai ruwa gonakin dabino. A Risani na daɗe. Kangon Sijilmasa yana nan bakin garin, birnin da aka kafa a ƙarni na 8, wanda daga cikinsa ayarin raƙuma ke tashi su ƙetare Sahara neman zinariyar ƙasashen baƙar fata. Abin da ya rage bango ne kawai da tarin ƙasa, amma ɗan Kano da ya tashi yana jin labarin fatake ba zai tsaya nan zuciyarsa ba ta motsa ba. Kasuwar garin na ci Talata, Alhamis da Lahadi, kuma lokacin kakar dabino na tarar.

Daga nan Marzuga kusa ce. Tudun rairayin Shabbi ya kai mita 150 a wasu wurare, da yamma ya koma ja wur. Shawarata a nan guda ce: kada a shiga rairayi mai zurfi da wannan mashin, musamman mutum shi kaɗai da kaya a baya. A kan burji da tsandaurin hamada mai baƙar tsakuwa, kamar na kewayen ƙauyen Khamliya inda makaɗan gargajiyar nan da ake kira Ginawa suke, yana tafiya lafiya lau. Amma kilo 200 idan ya nutse har cibiyar taya, mutum ɗaya ba ya fitar da shi cikin sauƙi, kuma yarjejeniyar hayar ma ta hana. A ajiye shi a masauki, a hau tudu da ƙafa.

Shagon kuwa, inda suka kyauta zan faɗa. Takardun mashin da inshora a cike suke, ba shingen da aka tsayar da ni a kansu. Hular kwano mai kyau suka ba ni, da akwatunan gefe masu makulli, an kuma juye baƙin mai. Amma tayar baya ta ci fiye da rabi. Na nuna musu tun a shago, suka ce za ta kai ni ta dawo da ni, kuma babu wani mashin a ƙasa. Na nemi kayan faci, aka miƙo mini jaka da sifana biyu da tif ɗin gaba, babu ƙarfen ɓare taya, babu famfo. Suka ce kome ya faru in buga waya. A hanyar dawowa, tsakanin Alnif da Tazarin, ƙusa ta shiga wannan tayar, a wurin da waya ba ta da sabis ko layi ɗaya. Tayoyin Himalayan masu tif ne, ba irin waɗanda ake cusa wa roba a wuce ba, dole sai an cire.

Wani dattijo Ba'amazige, wato ɗan ƙabilar Barbar ta yankin, a kan ƙaramin babur ne ya tsaya. Da guntun Larabcina da nuni da hannu muka fahimci juna. Muka ɗora mashin a kan jakinsa na tsakiya, muka kwance tayar, ya ɗaure ta a bayansa ya tafi ƙauye. Na zauna a inuwar ƙaya ina lissafin ruwan da ya rage mini. Kafin la'asar ya dawo da ita an yi faci, an ba ta iska, har da burodi a leda. Na yi na yi ya karɓi wani abu bayan kuɗin mai faci, ya ƙi. Allah ya saka masa da alheri. A nan na ƙara yarda da zaɓin mashin ɗin, don babu abin da ke jikinsa da ya fi ƙarfin bakaniken ƙauye, sifana ce da guduma. Da na samu sabis na kira shagon, sai washegari aka amsa. Kuɗin jinginar da suka riƙe a katina ma ya ɗauki makonni kafin ya dawo.

Zan sake hawan Himalayan a wannan hanya ba tare da wani tunani ba, kuma ga wanda ya fi son ƙarfi akwai sabon samfurin 450 da ya fito a ƙarshen 2023, mai giya shida. Shagon ne ba zan koma ba sai sun sauya hali. Wanda zai je daga Najeriya ya nemi biza da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida. Ya zaɓi Maris zuwa Mayu ko Oktoba, don da zafi Marzuga ba ta shiguwa, da hunturu kuma ƙanƙara kan rufe Tishka. Kafin ya sa hannu a takarda ya duba taya da sarƙa da birki da idonsa, ya ɗauki hoton duk wani ƙarzuwa a jikin mashin, ya ƙi tashi sai an ba shi tif biyu, ƙarfen taya da famfo. Ya sauke taswira a wayarsa, ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake zaton zai sha, kuma kowace safiya ya gaya wa mai masauki garin da ya nufa.