Sholay ko Dharmatma: zaɓin da ya faɗo wa Danny Denzongpa

Duk mai kallon fina-finan Indiya ya san Gabbar Singh, ɗan fashin nan na Sholay, 1975. Amma ba Amjad Khan, wanda ya fito a Gabbar ɗin, aka fara nema ba. Danny Denzongpa aka fara bai wa rawar, sai dai ya riga ya yi wa darakta Feroz Khan alkawarin tafiya Afganistan ɗaukar fim ɗin Dharmatma. Hanya biyu ke nan a gabansa.

Dharmatma ba fim ne na banza ba. Ya samu kasuwa, an kuma nuna tsaunukan Afganistan da sukuwar dawaki. Sai dai yau mutum nawa ne ke tuna rawar Danny a ciki?

Sholay kuwa, na Ramesh Sippy, ya yi shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Ka tuna Gabbar yana takawa a kan duwatsu, yana jan ɗamarar harsashi a ƙasa, yaransa sun sunkuyar da kai jikinsu na ɓari. Amjad Khan sabo ne a lokacin, har an yi shakkar muryarsa. Wannan rawa ta zame masa suna har rasuwarsa a 1992.

Ni dai ina tare da Danny, don ya cika alkawari alhali yana ganin nama a faranti. Kuma bai tashi a tutar babu ba: a 1990 ya fito Kancha Cheena a Agneepath, ya tsaya gaban Amitabh Bachchan ido cikin ido.