Shiga kejin kallon kifin shak a Gansbaai: abin da aka tallata da abin da na tarar

Ƙarfe huɗu na dare motar kamfanin ta ɗauke ni daga masaukina a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kuma sai da muka yi tafiyar fiye da sa'a biyu kafin mu isa Kleinbaai, ƙaramar matsayar jiragen ruwa da ke gefen garin Gansbaai, inda kamfanonin da ke kai mutane kallon kifin shak suke tashi. Na yi sallar asuba a wani gidan mai da muka tsaya a hanya, domin babu wanda ya tanadi lokacinta a tsarin tafiyar, don haka duk mai niyyar zuwa ya fita da alwalarsa. Kuɗin da na biya ya haura rand 2,000, kuma a cikinsa akwai karin kumallo, da kayan shiga ruwa, da fita teku ta kimanin sa'a uku, da miya mai zafi bayan dawowa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda ina da ƙorafi a kansa, kuma na lura cewa tsarin aikinsa bai bambanta sosai da na maƙwabtansa ba.

Ƙorafin shi ne na talla. Takardun da ake rabawa a otel-otel, da hotunan da ke jikin motar, da na bangon ofishin, duk na babban farin shak ne ya wangale baki, alhali kuwa wannan kifi ya daɗe da yin wuyar gani a wannan yanki. A shekarar 2017 teku ta turo gawarwakin fararen shak guda biyar gaɓar Gansbaai, kusan dukkansu an farke su an cire hantarsu, kuma masana suka danganta hakan da wasu kifayen oka (manyan dabbobin teku masu farauta) maza guda biyu da ake kira Port da Starboard, wato ɓangaren hagu da na dama na jirgin ruwa a Turance, waɗanda aka raɗa wa waɗannan sunaye saboda fiffiken bayan ɗaya ya karkata hagu, na ɗayan kuma dama. Tun daga lokacin fararen shak suka riƙa ƙaurace wa wurin na tsawon makonni, wani zubin watanni. Ma'aikatan sun gaya mana wannan gaskiya, amma sai bayan da kowa ya biya ya zauna gaban shayi. A ganina wanda ya tara kuɗinsa ya taso daga wata ƙasa ya cancanci a sanar da shi tun kafin ya biya, ko da kuwa hakan zai rage wa kamfanin ciniki.

Bayan wannan, kusan duk abin da ya biyo baya yabo ne. Wata matashiya mai nazarin halittun teku ce ta yi mana bayani kafin mu tashi, kuma bayaninta shi ne mafi daraja a cikin abin da na saya a wannan rana. Ba ta tsorata mu ba, ba ta kuma yi mana daɗin baki ba. Ta nuna mana cewa jikin shak babu ƙashi sai guringuntsi, kuma a kan hancinsa akwai ƙananan ramuka da yake jin motsin lantarkin jikin wata halitta da su, ko da ruwa ya gurɓace ido ba ya gani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinkirin haihuwarsa: macen farin shak tana iya haura shekara 30 kafin ta fara haihuwa, kuma 'ya'yan da take haifa kaɗan ne, ba kamar tarwaɗa ko karfasa da ke zuba dubban ƙwai ba. Dabbar da ke hayayyafa a hankali haka, idan aka yi mata kisan yawa, cike gurbinta sai an yi shekaru da dama.

Jirgin ya yi tafiyar minti ashirin ko ƙasa da haka ya tsaya a wani wuri marar zurfi sosai. Aka sauke kejin ƙarfe aka ɗaure shi a jikin jirgin, samansa yana kan ruwa, ta yadda mutum ba ya bukatar iya iyo ko tukunyar iska, illa dai ya riƙe numfashi ya nutsa kai idan aka ce masa ya nutsa. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin ni ban tashi kusa da babban ruwa ba. Sanyin ruwan kuwa ba a magana, ko da yake a watan Fabrairu na je, lokacin da ake zafi a Afirka ta Kudu. Rigar robar da suka ba ni tana da tsabta kuma ta yi mini daidai, amma a cikin jirgin ake sauya kaya, wurin kuma a matse yake babu sirri, saboda haka ina ba mata shawara, har ma da mazan da ke da kunya, su sa wasu kaya masu kama jiki daga gida waɗanda za a ɗora rigar a kansu.

Mun jira kusan rabin sa'a kafin na farko ya bayyana. Irin wanda ake kira mai ruwan tagulla ne, tsawonsa ya doshi mita uku, kuma a ƙarshe mun ga guda shida ko bakwai suna kewaya jirgin. Ban taɓa ganin halitta mai natsuwar tafiya irin wannan ba. Ya zo ta gaban kejin a hankali, kusa da ni har ina ganin tabon da ke gefen jikinsa, ya karkata kaɗan ya dube mu da ido ɗaya, sannan ya wuce abinsa. Bai kai wa kejin hari ba, bai ma nuna ya damu da mu ba, hankalinsa yana kan kan kifin da wani ma'aikaci ya ɗaure a igiya yana ja. Na lura kuma cewa akwai girmamawa a tsakaninsu, domin duk lokacin da babba ya tunkaro, ƙanana sukan kauce su ba shi hanya ba tare da faɗa ba. Minti ashirin na yi a cikin kejin, haƙorana suna kaɗawa, amma da aka ce in fito ban so ba.

Akwai abu guda da har yanzu zuciyata ba ta gama amincewa da shi ba, wato zuba ruwan dagargajajjen kifi da mansa a teku domin ƙamshin ya jawo shak. Ma'aikatan sun ce doka ta hana su ciyar da shi, kuma na shaida cewa mai igiyar yana fizge kan kifin kafin a cafke shi, sai sau ɗaya da wani ya riga shi. Duk da haka, masu wasan hawan igiyar ruwa da wasu masunta sun daɗe suna zargin cewa wannan al'ada tana saba wa shak da jirage da mutane. Na yi wa matashiyar wannan tambaya, ba ta kauce ba, ta ce muhawara ce da ba a rufe ba, kuma a ra'ayinta amfanin da ke cikin mutane su ga shak da ransa ya rinjayi illar. Na fi karkata ga ra'ayinta, amma da sauran damuwa a raina.

A hanyar dawowa ne ta kawo maganar yanke fikafikai, kuma jirgin ya yi tsit. Ana kama shak, a yanke fiffiken bayansa da na gefe da na wutsiya, a jefa shi cikin teku da sauran ransa, domin naman ba shi da tsada kuma yana cinye wuri a jirgi. Da yake ba ya iya iyo, sai ya nutse, ya mutu da rashin numfashi ko zubar jini, ko wasu kifaye su cinye shi. Fikafikan ana busar da su a kai kasuwannin Asiya, musamman Hong Kong, inda ake yin miyar alfarma ta bukukuwa da su, alhali fiffiken kansa ba shi da wani ɗanɗano, romon kaza ko na nama ne ke ba miyar daɗi. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2013 ya nuna cewa ana kashe shak kimanin miliyan 100 a kowace shekara, wani binciken na 2021 kuma ya gano cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Mu da aka hore mu da wasa wuƙa kafin yanka domin kada dabba ta wahala, ban ga yadda za mu ji wannan mu yi shiru ba. Kuma cinikin bai yi nisa da mu ba, domin a garuruwan gaɓar Ghana irin su Dixcove da Shama ana fito da shak ana sayar da fikafikansa ga dillalai.

Dokoki sun ƙaru. Afirka ta Kudu ce ƙasa ta farko da ta ba farin shak kariyar doka, a 1991. Tarayyar Turai ta wajabta tun 2013 cewa a kawo shak gaɓa da fikafikansa a jikinsa, Kanada ta hana shigo da fikafikai a 2019, Amurka ta haramta cinikinsu a ƙarshen 2022, kuma a shekarar 2022 ɗin ce taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, da aka yi a Panama ya sa gomman nau'o'in shak cikin waɗanda ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. Abin da ya burge ni shi ne matashiyar ba ta ɗora laifin duka a kan mutanen Asiya ba. Ta ambaci ragar da ake shimfiɗawa a gaɓar KwaZulu-Natal domin kare masu wanka, wadda ke kashe shak da kunkuru da sauran halittu, ta kuma ambaci jiragen mamari na ƙasarta da ke kama ƙananan shak ana tura namansu Ostireliya, inda ake soya shi a sayar da dankali. Wasu masana ma suna ganin wannan kamun yana da hannu a ɓacewar farin shak, tun da ƙananan suna cikin abincinsa.

Kafin mu koma gaɓa, direban jirgin ya zaga da mu ta mashigin da ke tsakanin tsibirin Dyer da dutsen Geyser, inda dubun-dubatar karnukan teku (dabbobin da Turawa ke kira seal) suke kwance suna kuka, warinsu yana isowa tun daga nesa. Mutum huɗu a cikinmu sun yi ta amai tun daga tsakiyar tafiyar, ma'aikatan kuma sun kula da su da haƙuri, amma da an gargaɗe su tun da wuri su sha maganin jiri su kuma rage cin mai a karin kumallo, da wahalar ta ragu. Bidiyon da ake sayarwa a ƙarshe ban saya ba, domin kuɗinsa daban ne kuma ya yi tsada.

Ina ba da shawarar wannan fita ga wanda yake son ya ga yadda shak yake rayuwa a muhallinsa, kuma yake da juriyar sanyi. Wanda farin shak kaɗai yake nema, ya buga wa kamfanin waya kafin ya biya, ya tambaye su ranar ƙarshe da suka gan shi, ya kuma tabbatar akwai mai nazarin halittun teku a cikin jirgin da zai hau.