Tsakanin Tiger 3 da 12th Fail, Ga Wanda Zan Ce Ka Kalla

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tunda ɗaya kawai za ka kalla da iyalinka a ƙarshen makon nan, tsakanin fina-finan Indiya biyu, Tiger 3 da 12th Fail, to ka ɗauki 12th Fail, kada ka tsaya wata-wata. Dukansu biyun da kuɗina na saye su, kuma na zauna na kalle su daga farko har ƙarshe. Ɗaya yana nan a cikin filashina har yau ban taɓa tunanin goge shi ba, ɗayan kuwa ko mako guda bai yi ba na share shi don in sami wurin ajiye takardun aiki.

Bari in fara da wanda na share, domin maganarsa ba ta da tsawo. Ni masoyin Salman Khan ne tun ina saurayi, kuma Ek Tha Tiger na 2012 da Tiger Zinda Hai na 2017 duk na kalle su fiye da sau ɗaya, saboda haka da aka saki na ukun ranar 12 ga Nuwamba 2023, lokacin bikin Diwali na Indiyawa, da ɗokina na tafi nemansa. An kashe masa kuɗi, wannan babu musu, domin an je Turkiyya da Rasha da Ostiriya ɗaukarsa, Emraan Hashmi ya yi iya ƙoƙarinsa a matsayin bos, kuma 'yan mintocin da Shah Rukh Khan ya fito su ne kaɗai wurin da na gyara zama. Amma labarin tsohon zance ne: bos ya riƙe jarumi ta hanyar ɗansa, ya tilasta masa aikata abin da za a kira shi maci amanar ƙasa, daga nan sai harbe-harbe da fashe-fashe har jarumi ya wanke kansa. Awa biyu da rabi ina zaune, babu daƙiƙa ɗaya da gabana ya faɗi cewa wani abu zai sami Tiger, kuma fim ɗin faɗa da ba ya sa gabanka faɗuwa ya zama hayaniya kawai. Tunda kuma da iyali za ka kalla, ka sani akwai wani dogon faɗa da mata biyu suka yi a gidan wanka na Turkiyya ɗaure da tawul, wanda ba za ka so ya riske ka kana zaune da 'ya'yanka ko surukarka ba.

Shi kuwa 12th Fail ban ma yi niyyar kallonsa ba. Wani abokin aikina, malamin lissafi, shi ya yi ta matsa mini har na gaji na nemo shi, domin fostarsa babu bindiga babu mota, kuma jarumin, Vikrant Massey, ba ya cikin manyan sunayen da muka saba bi. An sake shi ranar 27 ga Oktoba 2023, wato mako biyu da kwana biyu kafin Tiger 3, ba tare da wani ganga da algaita ba. Vidhu Vinod Chopra ne ya ba da umarni, ya ɗauko labarin daga littafin Anurag Pathak, kuma labari ne na gaske, na wani mutum mai suna Manoj Kumar Sharma wanda a yau babban jami'in 'yan sanda ne a Indiya.

Fim ɗin ya buɗe ne a wani ƙauye na yankin Chambal, wurin da ya yi suna da 'yan fashi, inda Manoj yake shirin jarrabawar kammala sakandare, wadda su ke kira aji na 12. Shirin nasa kuwa ba karatu ba ne, rubuta 'yan takardun satar amsa ne, domin a makarantarsu malamai da kansu suke rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, kuma kowa ya ɗauki hakan a matsayin taimakon 'ya'yan talakawa. Sai aka kawo sabon jami'in 'yan sanda mai muƙamin DSP, mai suna Dushyant Singh, ya shigo makarantar ana tsakiyar abin, ya hana, ya kama shugaban makarantar, shekarar nan kaf ɗaliban suka faɗi. Daga baya wata matsala ta haɗa Manoj da wannan jami'in, yaron ya ga yadda mutum ɗaya mai gaskiya yake iya tsayawa a gaban masu ƙarfi, ya tambaye shi yadda zai yi ya zama irinsa, shi kuma ya ce masa ya daina satar amsa. Shekara ta zagayo, an riga an ɗauke DSP daga yankin, abokansa suka koma ruwa suka fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, shi kaɗai ya rubuta abin da ke kansa ya tsira da daraja ta uku.

A wannan wurin na dakatar da fim ɗin na ɗan lokaci, domin abin ya taɓa ni ta inda ban zata ba. Na fi shekara goma ina koyarwa a sakandare, kuma an taɓa tura ni sa ido a wata cibiyar jarrabawa da ba zan ambaci sunanta ba, inda ana raba takardun tambayoyi aka miƙo mini ambulan da lemo mai sanyi, aka ce in fita in sha iska na minti ashirin. Na ƙi karɓar ambulan ɗin, na kuma ƙi fita, amma ban iya hana abin da ya faru a sauran azuzuwan ba, kuma ban kai ƙara ko'ina ba, abin yana ci mini rai har yau. Duk wanda ya san yadda ake rububin wasu makarantu idan lokacin WAEC da NECO ya zo, zai gane wannan allon da ke cikin fim ɗin ba sai an yi masa fassara ba.

Sauran labarin tafiyar Manoj ce zuwa ga jarrabawar UPSC, wadda ta ita ake ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnatin tarayyar Indiya da manyan jami'an 'yan sanda. Matakai uku gare ta, ta share fage, da babbar ta rubutu, sannan ganawa baki da baki da kwamiti, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke cike takardar neman shiga a shekara, alhali waɗanda ake ɗauka ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba. Kakarsa ta ɗauki kuɗin fanshon da ta daɗe tana tarawa ta ba shi, barci ya kwashe shi a mota aka sace akwatin da kuɗin, ya isa birnin Gwalior ba shi da ko na sayen abinci. Daga nan wani saurayi ɗan masu hali mai suna Pritam ya ja shi zuwa Delhi, unguwar Mukherjee Nagar, inda dubban matasa daga ƙauyuka suke cunkushe a ƙananan ɗakuna suna karatun wannan jarrabawa shekara da shekaru. Ya yi shara da goge-goge a wani ɗakin karatu, daga baya ya koma aiki a injin niƙa, inda yake kwana a cikin ɗan ƙuntataccen ɗakin da injin yake, ya yi aikin awa 15, ya yi karatun awa 6, ya yi barcin awa 3.

A daren da muka kalla, ni da maiɗakina da ƙanenta da ke zaune a gidanmu, an ɗauke wuta daidai lokacin da aka zo wannan wurin na injin niƙa, sai muka ƙarasa a wayata, na jingina ta da filas ɗin shayi a kan tabarma, mu uku muka haɗa kai muna kallo, ina karanta fassarar Turancin da ke gudana a ƙasa ina mayar mata da Hausa. Ƙanen nata sau biyu yana zana JAMB bai sami makin da ake nema a kwas ɗin da yake so ba, kuma watanni kenan ba ya son a ɗaga maganar. Da aka nuno mahaifin Manoj ya zo Delhi ya tarar da ɗansa fari fat da ƙurar gari tun daga gashi har gira, littattafai a jibge kusa da buhuna, uban ya karaya ya ce su koma gida, ɗan kuma shi ke ba uban haƙuri, sai na ji ƙanen maiɗakina ya ja numfashi ya tashi ya fita tsakar gida. Ba mu ce masa komai ba, muka dakatar da fim ɗin har ya dawo ya zauna. Washegari da na fito sallar asuba na ga littafinsa na tsofaffin tambayoyin JAMB a buɗe a kan tabarmar, da biro a tsakiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne fim ɗin bai yi wa mai kallo ƙaryar cewa duk wanda ya dage zai ci ba. Akwai wani mai suna Gauri, wanda ya zana jarrabawar har damarsa ta ƙare bai samu ba, ya buɗe teburin shayi a unguwar yana koya wa na baya abin da ya sani kyauta, domin a ganinsa idan ɗan talaka ɗaya ya tsallake, to dukansu ne suka tsallake. Shi kansa Manoj faɗuwa ya yi ta yi, har akwai karon da ya karanta tambayar insha'i a gurguje, aka ce ya yi rubutu a kan yawon buɗe ido shi kuma ya zuba bayani a kan ta'addanci, saboda kalmomin biyu a Turance sun yi kama a ido. Wannan ya nuna wani ciwo da mu ma muka sani, wato yadda yaron da ya yi karatu da harshen gida yake shiga gasa da wanda ya tashi a makarantar kuɗi yana jin Turanci tun yana ƙarami. Soyayyarsa da Shraddha, wadda Medha Shankr ta fito a matsayinta, an tafiyar da ita cikin kamun kai, babu rawar da za ta sa ka laluɓi rimot. Aibinsa ɗaya da zan faɗa maka shi ne tsakiyarsa tana tafiya a hankali, don haka idan yaranka ƙanana ne za su iya yin barci, amma wanda ya kai aji uku na sakandare zuwa sama ba zai motsa ba. Ba ni kaɗai na ga haka ba, domin a bikin ba da kyaututtukan fina-finan Indiya na Filmfare na watan Janairu 2024 shi aka ba kyautar fim mafi kyau, mai ba da umarninsa ma ya karɓi tasa. Yadda ganawarsa da kwamiti ta kasance, lokacin da suka tambaye shi dalilin faɗuwarsa a aji na 12, wannan na bar maka ka gani da idonka.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa maka, ka yi hattara da wasu masu shagunan tura fina-finai. Tiger 3 ɗin da na fara saya, mai shagon har rantsuwa ya yi mini cewa tas yake, na zo gida na tarar wanda aka ɗauka da kyamara a cikin sinima ne, hoton ya karkace, kawunan mutane suna giftawa, ihun 'yan kallo ya danne maganar jarumai, ga tallan caca yana yawo a kan allo daga farko har ƙarshe. Da na koma sai ya ce ai haka kamfani ya sake shi. Sai da na jira mai kyau ya fito na sake kallo, don kada in zalunci fim ɗin da laifin mai shago, kuma hukuncin da na faɗa maka a sama a kan mai kyan na yanke shi. Akwai kuma masu ɗauko tsohon fim ɗin jarumi su canza masa suna su ce sabo ne, da masu ba ka rabin fim su ce ka dawo gobe ka sayi kashi na biyu, alhali fim ɗaya ne suka datsa. Don haka kafin ka biya, ka sa a buɗe maka shi a kwamfutar shagon, ka duba farko da tsakiya da ƙarshe, ka kuma duba tsawonsa: 12th Fail ya kusa awa biyu da rabi, idan ka ga awa ɗaya da 'yan mintoci to an yanke shi. Memori ma kada ka saya a hannun masu yawo da shi a tire, domin za ka ga an rubuta 32GB a jiki, ka zuba fim uku ya fara cinye maka hotuna. Mafi muhimmanci, kada ka bar wayarka ko ta iyalinka a shago ka ce za ka je ka dawo, domin hotunan gidanka suna ciki, kuma ba kowane mai shago ne yake tsoron Allah ba. Ka tafi da filash wanda babu komai a kansa, ka tsaya a tura maka a gabanka.

Ka sayi 12th Fail, ka tabbata mai fassara a ƙasa ne, ka caja wayarka ta cika saboda halin wuta, sannan ku fara bayan sallar isha'i yadda babu abin da zai katse ku. Idan akwai wanda ke shirin jarrabawa a gidan, ko a maƙwabta, ka kira shi ya zauna kusa da kai.