Filastar Tegaderm +Pad bayan ƙaramin aiki: wanka ya samu, amma ɗinkin ciki yana nan ɗanye

Wanda aka yi wa aikin kaba, ko aka cire masa ƙullutun kitse a gadon baya, sau da yawa ranar ake sallamarsa ko washegari. Kafin ya gama zama a ɗaki 'yan dubiya sun fara sallama. Ga zufa, ga umarnin nas cewa kada ruwa ya taɓa ɗinkin. Da auduga da filasta irin ta da, sai dai a riƙa goge jiki da jiƙaƙƙen tawul har a cire zare, mutum yana karɓar surukai yana jin kansa ba daidai ba. Wannan gurbin ne filastar Tegaderm +Pad, wadda kamfanin 3M ya ƙirƙiro, take cikewa.

Leda ce shara-shara mai gam, da ɗan matashi a tsakiya mai tsotse ruwan miki ba tare da ya manne wa zaren ba. Ruwa ba ya ratsa ta daga waje, amma damshin fata yana fita. Akwai mai santimita 5 da 7 don ƙaramar tsaga, akwai mai faɗin 9 da tsawon 10, 15, 20 ko 25. A auna ɗinkin kafin a aika yaro kyamis: matashin ya rufe shi duka, ledar kuma ta wuce shi da aƙalla santimita 2 ta kowane gefe. Babban abin yabonta shi ne ana ganin fatar da ke kewaye ba sai an buɗe ba.

Yawancin masu cewa ba ta kamawa, wajen sawa suka kuskure. A wanke hannu da sabulu, a goge kewayen ɗinkin, a bar wurin ya bushe ƙarau. In aka manna ta kan aidin ko sifirit da bai bushe ba, gam ɗin ba zai kama ba, fatar kuma ta yi ƙaiƙayi. Basilin da man shafawa abokan gabarta ne. In wurin da gashi, a rage shi da almakashi, kada a sa reza, don tana barin 'yan tsage da ƙwayoyin cuta ke shiga. Kuma kada a ja ledar a ɗame ta lokacin mannawa. Ɗamewar ce ke haddasa bororo a gefe. A ɗora ta sakayau, a shafa daga tsakiya zuwa baki, sannan a zare takardar da ta zagaye ta. Wajen cirewa a ɗaga kusurwa ɗaya, a miƙe ledar a kwance daidai da fata, gam ɗin zai saki da kansa.

Kamfanin ya ce tana iya kwana 7. A hunturu hakan na yiwuwa. A watan Afrilu na Kano ko Damagaram, inda zafi ke haura digiri 40, zufa kan ɗaga bakinta tun kafin nan, musamman a matsematsi da inda mazugin wando ke gogawa. A tanadi uku ko huɗu. Da zarar baki ya ɗaga ko matashin ya jiƙe, a canza, domin ruwan da ya shiga ƙarƙashin leda ba ya fita, ya fi rashin filastar illa.

Wanka da bokiti da moɗa ba matsala in likita ya ba da izini, yawanci bayan awa 48. Kada soso ya hau kanta, a kuma daddanna tawul a kai maimakon gogawa. Ga wankan ibada, malaman Malikiyya sun halatta shafa a kan abin da aka rufe rauni da shi idan cire shi zai cutar, haka kuma sallah a zaune ga wanda ruku'u ke ja masa ɗinki.

Inda take yaudara shi ne tana sa mutum ya ji ya warke. Ya yi wanka, ya sa shadda, ba a ganin komai, sai a ce ai ga sunan ɗiyar yaya, ga ɗaurin aure a unguwa. Fata kan haɗe cikin kwana 7 zuwa 14, amma naman ciki bayan aikin kaba yana son mako 4 zuwa 6 ba ɗaukar nauyi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kuma jikan da ya rugo ya faɗa cinya shi ma nauyi ne. A ajiye matashi a kan ciki lokacin hira, a danna shi in tari ko dariya ta zo. In zuwa taron ya zama dole, a gaisa a dawo, a mota, ba a kan acaɓa ba.

Ba ta dace da mikin da ke zubar da ruwa sosai ko wanda ya riga ya ruɓe ba. In aka ga ja yana yaɗuwa a ƙarƙashin ledar, ko kumburi, ko mugunya, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, asibiti za a koma, ba sabuwar filasta za a manna ba.

Ta fi filastar yau da kullum tsada, kuma ba kowane kyamis ke ajiye ta ba. An fi samunta a manyan shagunan magani da ke kusa da asibitocin koyarwa. In babu, Opsite Post-Op ta Smith & Nephew aikinsu ɗaya. Kowacce aka samu, a duba ranar lalacewa, a kuma ƙi wadda takardarta ta yage ko ta sha rana a kanta.