Bargar wani dillalin dawaki a bayan garin Kano: abin da ya gamsar da ni da abin da ya rage

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, cinikin dawaki yakan tashi a Kano saboda hawan sallah, kuma a lokacin ne masu saye suka fi faɗawa hannun dillalan da ke tallar launin doki suna ɓoye aibinsa. Bargar da zan yi magana a kanta tana bayan gari, mai ita kuwa dattijo ne da ke sayo dawaki a kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis, can kan iyakar Jigawa da Nijar, ya yi kiwonsu ya hore su kafin ya sayar. Na nemi ingarma na kilisa da hawa a wurinsa, kuma a ganina hidimarsa ta cancanci kuɗinta, duk da cewa farashinsa ya ɗara na kasuwa.

Babban abin yabonsa shi ne ba ya gaggauta mai saye. Ya yarda in zo da sassafe, dokin yana kan turke ba a riga an motsa shi ba, alhali dillalai da yawa sun fi son ka tarar an ɗaura sirdi an zagaya da shi, domin ɗingishi mai sauƙi yakan ɓuya da zarar jiki ya ɗau zafi. Ya sa yaron barga ya ja dokin da ragama a kan ƙasa mai tauri, da tafiya da sassarfa, a miƙe sannan a kewaye, ni kuma ina lura da kansa, tunda dokin da ƙafarsa ta gaba ke ciwo yakan ɗaga kai duk sa'ad da ƙafar ta taka ƙasa. Na ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya ina neman tsagewa ko wari, na shafa ƙafafun daga gwiwa zuwa ƙasa ko zan ji zafi ko kumburi. A gadon bayansa akwai ɗan farin gashi, alamar tsohon gyambon sirdi da ya warke, kuma dattijon ne da kansa ya nuna mini shi kafin in gani.

Da aka zo kan shekaru, sai ya ce, "Alhaji, kada ka ɗauki maganata, buɗe bakinsa." Doki yana canza haƙoran gaba na tsakiya a wajen shekara 2 da rabi, na gefensu a shekara 3 da rabi, na ƙarshe a shekara 4 da rabi, ta yadda mai shekara 5 ya gama fitar da na dindindin. Abin da na gani ya dace da shekara 6 da ya faɗa.

Bai kuma ji haushi ba da na zo da likitan dabbobi. Likitan ya auna bugun zuciya, wanda a lafiyayyen doki mai hutawa yake tsakanin 28 zuwa 44 a minti ɗaya, ya duba ido da hanci da dasashi, ya saurari numfashi bayan an yi sukuwa. Ya kuma ja hankalina cewa allurar kashe ciwo tana iya rufe ɗingishi na ɗan lokaci, saboda haka muka rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa zan riƙe dokin kwanaki kaɗan, idan wani aibi da ya riga ciniki ya bayyana in mayar a ba ni kuɗina. Wannan haƙƙi ne da shari'ar Musulunci ta ba mai saye, amma ba kowane dillali ne ke yarda a sa shi a takarda ba.

Akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Bargar ba ta ajiye tarihin maganin tsutsa ko rigakafi, sai abin da mai ita ya tuna. Abin da ya fi damuna shi ne ana ɗaure sabon dokin da aka kawo daga kasuwa kusa da waɗanda suka daɗe, suna sha a mazubi ɗaya, alhali ya kamata a ware shi na mako biyu zuwa uku don gudun yaɗa cuta. Haka kuma ba a faɗi la'adar yaran barga tun farko ba, sai bayan an yi sallama.

Wanda zai sayi doki don hawan daushe ko hawan Nassarawa ya sani cewa barga wuri ne mai shiru, ba za ta nuna masa yadda dokin zai yi da ƙarar bindiga da kakaki da cinkoson jama'a ba. Ya dace ya nemi a fita da shi cikin hayaniyar gari, ya hau da kansa ya gwada yadda yake bin linzami, kuma ya yi haka kafin wa'adin mayarwa ya cika.