Tirela a Amurka: aikin yuniyon ko kamfanonin doguwar hanya, wanne zaka shiga?

Salam 'yan uwa. Ƙaninmu da ke Columbus ya yi tambaya jiya da daddare, yace ya gaji da Uber yana so ya koma tuƙin tirela, wani kamfanin doguwar hanya yace zai koya masa kyauta ya fara aiki cikin wata ɗaya, amma abokinsa yace ya haƙura ya nemi aikin yuniyon, toh wanne ya fi? Na ja duka biyun shi yasa zan saka baki, kuma zan ɗan yi tsayi ku yi haƙuri.

Da farko ƙanena cire NURTW daga kanka. Yuniyon ɗin nan ba 'yan kamasho bane masu yankar tikiti a tasha. Sunanta Teamsters, tun 1903 take, mambobinta sun haura miliyan ɗaya, aikinta ta zauna da kamfani a rubuta yarjejeniya kan albashi da inshorar asibiti da fansho da yadda za a iya korar mutum. Kai kuma duk wata ana cire maka kuɗin ƙungiya, wajen ladan awa biyu da rabi na aikinka.

Akwai abin da duk inda ka bi sai ka yi shi. Lasisin tuƙin manyan motoci, wato CDL ajin A, shekara 21 in zaka tsallaka jiha, kuma tun Fabrairun 2022 dole sai makarantar da ke cikin rajistar FMCSA, hukumar tarayya mai kula da tsaron manyan motoci, ta koyar da kai kafin a yarda ka yi gwaji. Zaka riƙe famit ɗin koyon tuƙi aƙalla kwana 14 kafin gwajin. Likita zai duba ka ya baka kati, mafi tsawonsa shekara biyu, masu hawan jini kuma ana rage musu zuwa shekara ɗaya ko ƙasa da haka, dan haka a rage gishiri da magi. Ga gwajin fitsari, kuma wiwi ko da jiharku ta halatta, a wajen direban tirela laifi ne, sunanka zai shiga rumbun gwamnati kowane kamfani ya gani. Daga Yunin 2025 jami'in hanya na iya sauke ka daga mota in ka kasa amsa masa da Turanci ko karanta allon hanya, a shekarar kuma aka tsaurara wa marasa girin kad wajen bada lasisi. Ka duba takardunka kafin ka biya ko sisi.

Toh shiga aiki. Nan kam kamfanonin doguwar hanya sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, ka cike fom yau gobe waya ta dame ka, har tikitin bas za su aiko maka. Dalili kuwa mutane basa zama, a manyan kamfanonin nan an sha samun shekarar da yawan masu ajiye aiki ya kai kashi 90 cikin ɗari na yawan direbobinsu. Ɓangaren yuniyon ƙofa ƙarama ce. Kamfanonin jigilar kaya irin su UPS, ABF, TForce, sai wasu kamfanonin kai kayan abinci da lemo, kuma da yawa suna son wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana ja babu hatsari. A UPS galibi mutum yana farawa ne da lodin kwali na rabin yini, ya jira layi ya zo kansa kafin ya hau tirela, jiran nan yana iya cin shekaru. Wasu kamfanonin suna ɗaukar ka kana tuƙa foklif a wajen lodi sannan su koya maka tuƙi kana karɓar albashi, wannan ita ce hanyar da na fi so wa sabon shiga in ya same ta.

Maganar “kyauta” ɗin nan kuma, karanta takardar kafin ka sa hannu. Yawanci zaka ɗaure kanka wajen shekara guda, in ka tafi kafin lokaci kuɗin makarantar ya zama bashi a wuyanka. Ni haka na shiga, sati uku a makaranta, aka haɗa ni da wani mai koyarwa wanda shi kansa bai cika shekara yana ja ba, sati na biyu ya ja labule ya kwanta a gadon baya ya bar ni da sitiyari cikin dare a duwatsun Pennsylvania, wlh har yau in na tuna gangaren nan da warin birki sai gabana ya faɗi. In kana da hali ka biya makaranta da kanka, dala dubu uku zuwa bakwai ne a wurare da yawa, kuma ka leƙa ofishin neman aiki na jiharku dan akwai tallafin horo, sai ka fito lasisinka naka ba wanda ke binka.

Kuɗi fa? A doguwar hanya da mil ake biya. Taya na juyawa kana ci, taya ta tsaya ka tsaya. Ka yi awa biyar a bakin sito kana jiran a sauke kaya, ɗan abin da za a baka bai kai ya kawo ba, wani lokacin ma babu, kuma dokar obataim ta tarayya bata shafi yawancin direbobin da ke tsallaka jiha ba. A yuniyon direban cikin gari da awa ake biyansa da obataim a rubuce, na dare mai kai kaya daga tasha zuwa tasha ana biyansa mil sannan a biya shi lokacin jira da haɗa tirela da lalacewar mota. Yarjejeniyar UPS ta 2023 ta ɗaga babban albashin direba zuwa wajen dala 49 a awa kafin ta ƙare a 2028, amma kar ka ɗauka da shi zaka fara, sai ka yi shekaru huɗu kana hawa. Abin da ya fi albashin ma a wajen mai iyali shine inshorar asibiti, madam ta haihu ka ga bil ɗin da aka biya maka sai ka gane.

Yanzu inda nafi son ka saurara, tsaro. Dokar awanni ɗaya ce ga kowa: tuƙi awa 11 cikin awa 14, hutun awa 10 a jere, tsayawar minti 30 bayan awa 8 na tuƙi, kar ka wuce awa 70 cikin kwana 8, kuma na'urar ELD da ke jikin motar na lissafa maka awannin tun 2017. Akwai kuma dokar tarayya ta 1982 da ta hana a kore ka dan ka ƙi jan mota mai matsala, kana da kwana 180 ka kai ƙara OSHA, hukumar kula da tsaron ma'aikata. Duk wannan a takarda kowa na da shi. Bambancin yana ranar da ka ce a'a. A kamfanina na farko na taɓa ƙin fita saboda ƙanƙara ta rufe hanya, ba wanda ya kore ni, kawai sati biyu aka riƙa bani gajerun lodi har na ji a aljihuna, wa zan kai wa ƙara? A inda nake yanzu wata safiya ina zagaya mota da tocila na ji iska na tsiii a tiyon birkin tirela, na rubuta, na kai gareji, manaja ya fito yana duba agogo yace kaya sun makara, nace toh a kira wakilin yuniyon, magana ta mutu a nan, na zauna ina shan shayi agogona na tafiya har aka canza tiyon. Mutumin da ake biyansa lokacin duba mota shi ke duba mota da kyau, wanda ba a biya kuwa sai ya daki taya biyu da ƙafa ya hau.

Amma yuniyon bata taka maka birki. Mota da kaya fam 80,000 ce, wajen tan 36, a gudun mil 65 a awa tana buƙatar kusan tsawon filin ƙwallo biyu kafin ta tsaya. Nan babu karen mota da zai sauka yana ce maka taho taho, in zaka yi ribas kana shakka ka ja birki ka sauka ka duba da idonka ko sau biyar ne, masu dariya su yi. Ka haɗa kai da tirela, ka ja kaɗan ka ji ta kama, sannan ka leƙa ƙasa da tocila ka ga ƙarfen ya rufe. A kamfanonin yuniyon da yawa zaka ja 'yan biyu, wato tirela biyu a haɗe masu tsawon ƙafa 28 kowacce, sai ka ƙara tambarin T na izinin jan su a lasisi, mai nauyi ita ce a gaba, ta baya kuwa ka ɗan fizgi sitiyari sai ta yi wutsiya.

Kar in yi ta yabo, yuniyon nada nata ciwon. Komai da daɗewa ake rabawa. Sabon shiga shi ne ƙasan layi, waya a hannu kana jiran kira, aikin dare, aikin ranar sallah, kasuwa ta ja baya kai za a fara cewa zauna gida. Hutun ƙaramar sallah ko Juma'a sai wanda ya riga ka ya zaɓa ya bari, sai dai ka nemi alfarma ta addini a rubuce. Kuma watan farko na gwaji ana iya sallamarka ba dogon bayani. Sannan yuniyon bata hana kamfani mutuwa, Yellow ya rufe a 2023, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki, 22,000 cikinsu 'yan Teamsters, wasu sun yi shekara talatin a ciki. Doguwar hanya kuma in kai gwauro ne ba haya ba iyali, kana kwana a mota sati uku uku, tukunyar lantarki da shinkafa da yajin gida, zaka iya tara kuɗi sosai.

Ni dai da nake ganin kana da mata da yara biyu, ga abin da zan yi a matsayinka. Ka fara neman aikin lodi a tashoshin yuniyon da ke kewayen Columbus, garin cike yake da sito da tashoshin kaya, ka tambaye su kai tsaye ko suna koyar da tuƙi. In bai samu ba ka biya makaranta, ka yi shekara ɗaya a kamfanin da ke dawo da kai gida duk sati, ka kiyaye lasisinka kamar ƙwai, ko tikitin gudu ɗaya kar ka yarda, ka ƙara tambarin T da na kaya masu haɗari, sannan ka dawo ka cike fom ɗin yuniyon. Takardar kamfanin da suka ce kyauta ɗin kuma ka ɗauki hotonta ka turo min ta inbox in duba maka wajen da aka rubuta bashin, ina hutu ranar Lahadi insha Allah.