Ragar inuwa mai kashi 50 don lambun saman bene a Makka

Masu shagunan kayan noma a Makka da Jidda suna sayar da ragar inuwa ta roba, kore ko baƙa, da lamba a jiki: 30, 50, 80 ko 90. Lambar tana nuna kason hasken da ragar ke tarewa. Ga mai tumatir, barkono da latas a saman bene, mai 50 ce ta cancanci kuɗinta, kuma gara baƙa.

Ganye yana haɗa abincinsa ne da haske, da ruwan da saiwa ta jawo, da iskar kabon da ke shiga ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsa. Ganyen tumatir yana ƙoshi tun hasken bai kai na tsakar rana ba. Abin da ya ƙaru zafi ne kawai. A Yuni zuwa Agusta, da zafi ya haura digiri 40, ƙofofin sai su rufe don tsimin ruwa, iska ta daina shiga, aiki ya tsaya cak ga rana tsaka. Fure ma yakan zube da zarar an wuce 35. Ragar tana rage wannan ƙuna ba tare da ta hana ganye abinci ba.

Batun launi kuwa, kulorofil, sinadarin da ke sa ganye kore kuma yake kama masa haske, ja da shuɗin haske yake sha, koren yake mayarwa. Koriyar raga tana cinye wani ɓangare na abin da ganye ke buƙata, baƙa kuma tana rage kowane launi daidai wa daida.

Aibin ragar: idan aka shimfiɗa ta dab da ganye zafi take tarawa, don haka a ɗaga ta mita 2, a bar gefuna a buɗe. Ƙura tana toshe idanunta har inuwar ta ƙaru, sai an riƙa wanke ta. Wadda ba a sa wa robarta maganin kariya daga rana ba takan rududduge da wuri, a tambayi mai shago kafin ya yanka.

Mai 80 da 90 ta rumfar mota ce. A ƙarƙashinta dashe yakan yi tsawo siriri, ya koɗe, ya kwanta. Alayyafo, masara da dawa kuwa kada a wahalar da aljihu a kansu, tsarin ganyensu yana jure zafi da rana mai ƙarfi.